Yadda ake kallon zanen mutane in an je baje koli

Kwanaki na ja ƙanena muka je wani baje kolin zane da wasu matasa suka shirya a nan cikin gari, abin nan da ƴan lakwal ke cewa ekspozisiyon, tablo wajen ashirin a jikin bango kuma kusan duka na mutane ne, mata a layin famfo, tsoho riƙe da carbi, yara ƴan talla. Ban gama da tablo na biyu ba sai ga shi ya dawo, wai "Yaya mu tafi, ai na ga duka." Ko minti biyar bai cika ba. Na ce to me ka gani, ya ce mutane ne aka zana amma wasu ba su yi kama ba. Maganar ta tsaya min a rai don ni ma haka na fara, kuma ba laifin yaron ba ne tunda babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake kallon abin nan.

Irin zanen da nake magana a kai shi ne wanda in ka duba za ka gane ga mutum, ga hannunsa, ga rigarsa, saɓanin wanda launi ne da layi kawai. Mu nan Damagaram idonmu ya fi sabawa da na biyun, adon bangon gidajen Birni, aikin dukawa a jikin fata, aska takwas a gaban babbar riga, lallen amarya. Wanda ya iya ɗaga shadda ya gane mai kyau tun kafin a faɗa masa kuɗinta, ko ya kalli doki ranar hawan sallah ya ce wannan an iya masa kwalliya, wallahi yana da idon da ake buƙata, saura kawai ya san inda zai ajiye shi. Na san kuma akwai maganar addini kan zana abu mai rai, malamai sun yi bayani da yawa, a Malikiyya ma ana bambanta abin da aka sassaƙa mai inuwa da wanda yake a shimfiɗe jikin takarda ko ƙyalle. Wannan fagen malamai ne, ka tambayi naka ka samu natsuwa. Wanda ya yanke shawarar zuwa, ga yadda nake yi.

Abu na farko shi ne ranar zuwa. Ranar buɗewa, wadda suke cewa bernisaj, ranar jawabai ce da lemo da gaishe-gaishe, tana da amfani in kana son ka haɗu da mai zanen ido da ido, amma ba za ka ga komai ba sai ƙeyar mutane. Ka je in an gayyace ka, sannan ka sake komawa wata rana da hantsi kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, lokacin da ɗakin ya yi shiru kuma akwai hasken gari ko da an ɗauke wuta. Irin wannan baje kolin a gidajen al'adu ake yawan yinsa, wani lokaci a jami'a ko a zauren otel, in ka je Yamai kuma ka leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, sanarwa dai yawanci a Facebook da WhatsApp take yawo. Kana shiga ka sa waya a aljihu. Dan Allah ka sa ta a aljihu, hoton zai jira.

Daga nan sai ka yi zagaye ɗaya cikin natsuwa ba tare da ka karanta ko takarda ɗaya ba, kamar yadda kake zaga kasuwar Dole kafin ka taya kaya. Kana tafe kana lura da wanda ya sa ka rage sauri. Ka zaɓi biyu ko uku, kar su wuce haka, kuma ina ba ka shawara ɗaya daga ciki ya zama wanda bai yi maka ba, wanda ka ji yana ɗan ba ka haushi, don sau da yawa a nan ne mai zanen ya yi abin da idonka bai saba da shi ba. Sauran ka bar su, ba dole ne ka gama da kowa a rana ɗaya ba.

Yanzu sai tsayuwa, kuma a nan ne aikin yake. An taɓa yin bincike a gidan tarihi na Metropolitan a Amurka, aka buga shi a 2001, aka ga cewa mutane na tsayawa gaban tablo kamar sakan 27 ne a matsakaici, wato can ma inda abin ya yi yawa haka ake wucewa fuu. To mu kuwa mutanen da ke iya share minti biyar a gaisuwa kawai, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya zafi, bai kamata a ce mun kasa ba wa mutumin da ke cikin tablo minti biyar ba. Ni haka nake ɗaukarsa, baƙo ne na tarar a zaure, ba na fara masa da tambayar me ya kawo ka. Ka ja baya kamar taku uku ko huɗu, in tablon babba ne ka ƙara, ka tsaya daidai tsakiyarsa. Ka lura da inda idonka ya fara sauka, sannan ina ya tafi daga nan, don mai zane ya shirya maka wannan hanyar da gangan, da haske ko da jan launi ko da hannun da ke nuna wani waje. Sai ka fara lissafa wa kanka abin da ke ciki da sunansa, a zuci ko a hankali, ba fassara ba, ba ma'ana ba, suna kawai.

Bari in ba ka misali da wanda ya riƙe ni a ranar. Ɗan garuwa ne aka zana yana tura kura. Kallon farko abin da na gani kenan, ɗan garuwa, kuma wa bai san ɗan garuwa ba a garin da ruwa ke ba mu wahala haka. Da na fara lissafi sai na ga jarkoki takwas ne masu launin ruwan ɗorawa amma ɗaya babu murfi an toshe bakinta da leda, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya shuɗi ƙafa ɗaya kore, wuyan rigarsa ya jiƙe ya yi duhu, kansa a sunkuye har ba a ganin idonsa sam, sannan hannayensa biyu da ke kan ƙarfen kurar an yi su manya sun fi ƙarfin jikinsa, kowanne ya kusa kai girman kansa. A bayansa babu gida babu bishiya, fili ne fari fat kamar ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Duk wannan yana nan tun farko, amma sai da na yi wajen minti huɗu kafin na gan shi.

In ka gama lissafi sai ka koma kan jikin mutumin. Ido tukuna, yana kallonka ne ko ya kau da kai, ko kuwa an ɓoye idon gaba ɗaya kamar na ɗan garuwan nan. Wanda ya zuba maka ido ya san kana nan, wanda ya kau da kai kuwa kai ne kake leƙensa, kuma abin da za ka ji a ranka ba ɗaya ba ne. Sai hannu, don hannu ba ya ɓoye sana'a ko shekaru. Sai zama ko tsayuwa, ya miƙe ƙafa ne kamar mai gida ko ya takure a gefen tabarma kamar wanda ya zo roƙon alfarma, wannan mu Hausawa ba sai an koya mana ba, daga yadda mutum ya zauna a zaure muke gane matsayinsa. Ka duba kuma a ina aka ajiye ka, kana kallonsa daga ƙasa ne yana sama kamar sarki a kan doki, ko kai ne a sama yana ƙasa. Kehinde Wiley, Ba'amurke da mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da ya zana Barack Obama a 2018 bai sa shi a ofis gaban tuta ba, ya zaunar da shi a kujerar katako ya ɗan sunkuyo gaba, babu laktaye a wuyansa, ganye kore shar ya kewaye shi har yana neman rufe masa ƙafa, da furannin da ke nuna Kenya da Hawai da Chicago. Ka nemi hoton a intanet ka gwada wannan lissafin a kansa, yana da daɗin koyo.

Wata tambaya da ke saurin fitowa ita ce wane ne wannan. Ba laifi ba ne, amma kar ta tsare maka hanya. Lynette Yiadom-Boakye, wadda aka haifa a Landan a 1977 iyayenta ƴan Gana, mutanen da take zanawa babu su a duniya, daga kanta take ƙirƙiro su, amma in ka gan su sai ka rantse ka taɓa haɗuwa da su a wani biki.

To sai babbar maganar, wadda ƙanena ya yi, bai yi kama ba. A nan nake so mu daɗe kaɗan. Tunda kyamara ta zo, yanzu ma tana aljihun kowa, mai zane ba ya tsere da ita, in kama kawai ake so ai mai hoto na bakin titi zai gama maka a minti biyu. Abin da mai zane ke da shi wanda waya ba ta da shi shi ne zaɓi, ya ƙara nan ya rage can ya canza launi don ya faɗi abin da yake gani game da mutumin. Hannayen ɗan garuwan nan ba kuskure ba ne, yaron da ya zana shi yana cewa ne wannan bawan Allah da hannunsa yake ci, duk rayuwarsa tana nan. Ka duba launin fata musamman, don a zanen zamani na baƙar fata nan ne ake baje basira. Amy Sherald da ta zana Michelle Obama, ita ma a 2018, fatar ruwan toka ta yi ta kamar tsohon hoto marar kala, haka take yi wa duk mutanenta. Kerry James Marshall shi kuma baƙi ƙirin yake yi, baƙin da babu mutumin da ke da shi a zahiri, da gangan, saboda ya daɗe yana shiga manyan gidajen zane ba ya ganin baƙar fata a bango. Amoako Boafo na Gana da yatsunsa yake shafa fentin fuska da hannu, kana ganin sawun yatsa yana murɗawa, ruwan ƙasa da shuɗi sun cakuɗe. Dukansu ukun sun iya zana kama in sun so. Ba ita suke nema ba.

Za ka ce to ta yaya zan gane wanda ya karkata abu da gangan da wanda bai iya ba, don gaskiya akwai wanda bai iya ba, kar mu yaudari kanmu. Hanyar da nake bi ita ce in duba sauran aikinsa da ke ɗakin. In a kowane tablo akwai wani abu da ya girmama ko ya karkatar kuma abin yana tafiya da labarin, to zaɓi ne. In kuwa na ga duk mutanensa sun ɓoye hannu a aljihu ko a bayan riga, ƙafafu kullum an yanke su a ƙasan tablo, fuskoki duk iri ɗaya kamar ƴan gida ɗaya, to wataƙila yana gudun abin da ke ba shi wuya ne, kuma wannan ba abin kunya ba ne ga mai koyo. Haka nan zanen fensir ɗin nan da ke yawo a Facebook wanda ba ka bambanta shi da hoto, har da digon gumi, ina girmama wahalar da ke ciki don kwanaki ake yi a kansa, amma ni a wurina in an kwafi hoton waya ne tsaf ba a ƙara komai ba, to an nuna min haƙuri da ƙwarewar hannu, saura in ji me mai zanen ke son faɗa.

Bayan nan sai ka matso kusa, kamar tsawon hannu ɗaya, ka harɗe hannuwanka a baya. Kar ka taɓa, ko da ɗan yatsa. A gabana wani mutum mai kamala ya sa yatsa ya dangwali kumatun wata tsohuwa da aka zana don ya ji ko ya bushe, ashe fentin mai ne kuma an yi shi da kauri bai gama kamawa ba, sawun yatsan ya zauna raɗau, na ga yadda fuskar yarinyar da ta yi aikin ta canza ta kasa cewa komai saboda ya girme ta. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin samansa ya bushe, cikinsa kuwa watanni, akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, shi ne ke bushewa cikin mintoci balle a zafinmu, amma ko busasshe ne gumin hannu da maiƙo suna ɓata shi. A kusa abin da kake nema shi ne sawun burushi, ina aka ja shi da sauri, ina aka tsaya aka yi ta komawa, ina fenti ya yi tudu, ina aka bar ƙyallen yana leƙowa. Ka koma gefe ka kalli fuskar tablon a karkace, haske zai fito maka da tudu da kwari. Kumatun da ka gani ruwan ƙasa daga nesa, a kusa sai ka tarar da shunayya da ruwan goro da ɗan kore a ciki. Masu zanenmu na Sahel da yawa suna haɗawa da yashi, jar ƙasa, guntun atamfa ko fata, ka duba ko akwai. Njideka Akunyili Crosby, ƴar marigayiya Dora Akunyili da ta yaƙi jabun magunguna a Najeriya, daga nesa za ka ga mutane zaune a falo, in ka matso sai ka ga bango da tufafi da ma fatar jiki cike suke da ƙananan hotuna na mujallu da na albam ɗin gidansu. Wanda bai matso ba rabin aikin ya gani. In ka gama sai ka sake ja baya ka ga yadda duk tarkacen nan ya koma ya zama fuska.

Kar ka manta da bayan mutumin da kusurwoyi huɗu, can ake ajiye buta, rediyo, kalanda, akuya, inuwar wani da ba a nuna ba.

Sai yanzu ne za ka karanta ƴar takardar da ke gefe. Na sa ta a baya ne don in ka fara da ita idonka zai tafi neman abin da aka faɗa masa kawai. Yawanci da Faransanci take a nan, sunan mai zane, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi da su, sai girma da santimita, tsayi kafin faɗi. In ka ga "huile sur toile" fentin mai ne a kan ƙyalle, "acrylique" akirilik kenan, "technique mixte" an gauraya kaya, "sans titre" kuma bai sa masa suna ba ya bar ka da idonka. Ka gwada sunan da abin da ka riga ka gani, wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya juya maka tablon gaba ɗaya. Ɗan jan ɗigo a gefen takarda yana nufin an riga an saya.

In mai zanen yana wurin, ka je ka gaishe shi kamar yadda ake gaida mai sana'a a bakin aikinsa, sannu da aiki Malam, ko Malama, Allah ya ƙara basira. Kar kalmarka ta farko ta zama nawa ne, kuma kar ka ce masa me wannan ke nufi, tambayar tana daskarar da mutum. Ka faɗa masa abin da ka gani tukuna, "Malam na ga ka girmama hannayen nan," za ka ga ya saki jiki ya fara ba ka labari da kansa. Ka tambaye shi daga ina ya fara a tablon, ya zaunar da mutum ne ko daga hoto ko daga ka, kwana nawa ya yi, a ina yake samun fenti da ƙyalle, don wannan kaɗai labari ne a garin nan. Ka tambaye shi a ina ya koya. Da yawa daga rubuta allon shago suka taso, allon mai aski da na mai gyaran waya, kuma kar ka raina wannan, Chéri Samba na Kwango da duniya ta san shi yau da zanen allunan talla ya fara a Kinshasa, kuma yana sa rubutu a cikin tablonsa. Wasu kuma ta makaranta suka bi, nan kusa da mu a Zariya tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana namu da idonmu. Hoto kuwa sai ka nemi izini, ka kashe filashi, in za ka ɗora a intanet ka rubuta sunan mai aikin, haƙƙinsa ne.

In tablo ya shiga ranka kuma da hali, ka saya, ba sai Bature ko ɗan ƙungiyar agaji ba. Za ka iya neman ragi amma da mutunci, ka tuna kuɗin ƙyalle da katako da fenti da kwanakin da ya yi, wasu ma suna yarda a biya kaɗan-kaɗan. Ka ce ya sa hannu ya rubuta shekara da sunan aikin a baya. A gida kar ka rataye shi inda rana ke bugawa ko kusa da hayaƙin madafa, ko a bangon da ke tsatsa da damina, ka riƙa ɗaga shi kana duba baya saboda gara. Ƙurar hunturu kuma da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta a hankali, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da omo. In dole sai an naɗe shi don tafiya, fentin ya kalli waje, a naɗe shi sakwa-sakwa.

Kafin ka fita ka koma wurin na farkon da ka zaɓa ka ƙara masa minti ɗaya. Ni ranar na riƙo hannun ƙanena na kai shi gaban ɗan garuwan, na ce kar ka gaya min komai, ƙirga min jarkokin kawai. Ya ƙirga takwas, ya yi shiru, can sai ya ce "Yaya, ka ga takalminsa ba iri ɗaya ba ne?" Ya matsa kusa da hannunsa a baya, ya koma gefe yana leƙen fentin, har mai gadi ya fara rufe tagogi yana nan tsaye.